Mai Gida Ba Ya Zama

Baba Donka ba ta yarda da kwalbar man nan ba tun ranar da aka shigo da ita gidan. 'Yar mitsitsiya ce, da takardar kemis manne a jikinta, amma hancin tsohuwa bai san takarda ba. Sau ɗaya ta shinshina ta gane. Wiwi ce, irin wadda zauna-gari-banza ke busawa a bayan tashar Kumanovo. Wai likitan jijiyoyi ne ya rubuta wa ɗanta Risto, wai gwamnati ma ta halatta. Gwamnati dai, me ya rage da ba ta halatta ba?

Shekara shida ke nan ciwon jijiya ya kama Risto. Ƙafafunsa sukan sandare, su yi ta murɗawa har gumi ya keto masa. Da matarsa Zorka ta fara ɗiga masa man nan a ƙarƙashin harshe, safe da yamma, sai abin ya lafa. Yana barci, yana cin abinci, yana takawa har gonar tattasai da sanda. Kowa ya yi murna ban da tsohuwar. Ita abin da ta gani daban ne: ɗanta mai tsawa, wanda in ya yi gyaran murya gida ke yin tsit, yanzu duk abin da Zorka ta ce sai ya ce to. Har dariya yake yi. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

"Me kike ɗura masa ne, ya zama sai yadda kika yi da shi?"

"Magani ne, Mama. Ga takardar likita, duba."

"Kin san idona ba ya ganin ƙananan rubutu, shi ya sa kike miƙo min."

"To ga shi nan zaune, ki tambaye shi mana."

Risto bai ko ɗago kai ba. "Ku bar ni in ci wakena lafiya."

Saura kwana tara bikin Waliyyi Nikola, waliyyin gidansu tun kakan kakanni. A ranar, daga kunna kyandir har baƙo na ƙarshe ya fita, mai gida ba ya zama. A tsaye yake wuni yana zuba wa mutane. Bara da ƙyar Risto ya kai, jingine da bango, kuma ƙanensa Kiro ya faɗa a gaban dangi cewa in abin ya gagara, kyandir zai koma gidansa a birni. Risto ya rantse bana da ƙafarsa zai tsaya.

Wannan ne ya hana Donka sukuni. Ɗanta ya tsaya gaban waliyyi da wiwi a cikinsa? Tana raye? Ranar da Zorka ta tafi kasuwa, ta juye kwalbar a bayan garken aladu, ta cika ta da nata man, na furen dutse da take jiƙawa ta ajiye a hasken rana kwana arba'in duk bazara. Da shi ta yi renon 'ya'ya huɗu, ƙuna da ciwon ciki duk shi ne.

Washegari Risto ya karɓe kwalbar daga hannun matarsa, ya ce daga yau shi zai riƙa ɗigawa da kansa. Donka ta ji daɗi har cikin ranta, ta ce asiri ya fara karyewa. Kwana na uku ya daka wa kare tsawa, ta gode wa Allah. Kwana na biyar ta ji nishinsa daga ɗakin girki. Zorka ta buga wa likita waya, aka ce sai bayan sabuwar shekara. Ta ajiye wayar tana kallon surukarta, kallo mai tsawo. Donka ta ci gaba da tsince wake.

Ranar biki Fada, limamin cocinsu, ya zo da hantsi, ya yanka burodi, ya zuba masa ruwan inabi, aka kunna kyandir. Gida ya cika, ga kifi ga wake, ga Kiro cikin sabuwar kwat yana gaisawa da kowa kamar mai neman ƙuri'a. Risto yana zagayawa da tulun barasa, fuskarsa sharkaf da gumi.

"Yaya, kawo in taya ka," in ji Kiro.

"Zauna ka ci, kai baƙo ne."

Risto ya kai har ƙarfe biyu a tsaye. Daga nan ƙafar dama ta miƙe ta ƙi lanƙwasuwa, ta hagu ta ɗauki rawa. Ya dafa tebur, ya dafa kafaɗar maƙwabci, sannan a hankali ya zauna a kujera. Cokula suka tsaya. Kiro ya tashi ya zare tulun daga hannunsa.

Aka kai shi ɗaki. Zorka ta koma wurin baƙi, Donka ta durƙusa tana matsa masa ƙafafu, tana ta surutu: sanyi ne, ido ne, ai ta faɗa tun farko maganin nan ba na kirki ba ne.

"Mama," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Shekara hamsin ina shan man nan naki. Kina zaton ban san ɗanɗanonsa ba?"

Hannuwanta suka tsaya.

"To me ya hana ka magana?"

"Da na yi magana, da Zorka ta haɗa miki kayanki. Ita ma da gaskiyarta. Sai na ce bari in gwada, ko zan kai."

Daga falo ta jiyo muryar Kiro yana ce wa mutane su ƙara, abinci ba zai ƙare ba.

"Tashi ki je, Mama," in ji Risto, ya juya fuska bango. "Ki nuna masa inda muke ajiye kofunan baƙi. Bai sani ba."