Butocin Alhaji Kashim

Zulaiha ta yi shekaru a Kudu, a masana'antar da ake mai da iskar gas ƙwayoyin roba. Aikinta shi ne kula da wani sinadari da ake sakawa ɗan kaɗan cikin babbar tukunya, shi ke sa gas ɗin ya kama juna ya zama roba mai ƙarko. Da aka rage ma'aikata ta dawo Azare, ko kaya ba ta gama kwancewa ba kawunta Alhaji Kashim ya aiko kiranta.

Alhaji yana da ƙaramin kamfani inda ake narka tsohuwar roba a yi butoci. Butocin kuwa tsagewa suke yi, har 'yan kasuwar Giade sun fara maido su.

"Wannan maganin naku za ki samo mini," in ji shi. "A barbaɗa, a huta."

"Kawu, ba ya aiki a kan robar da aka riga aka yi. Tun tana gas yake haɗa ta. Ko iska ya sha ya lalace." Ta duƙa ta ɗebo tarkacen da ake zuba wa injin. "Ga karyayyar kujera, ga leda, ga jarka. Ba jinsi ɗaya ba ne, in an narka su ba sa kama juna. A ware su kawai."

Ya yarda da ƙyar. Amma da ya ga injin a tsaye, ma'aikata na ta tsince-tsince, sai ransa ya ɓaci, ya ce a zuba komai yadda aka saba.

Bayan kwanaki ya dawo daga Kano da buhun farar hoda, wai wani dillali ya ce ita ce sinadarin. Zulaiha ta murza ta a yatsa.

"Kawu, alli ne wannan."

"Ke dai ba kya son a ce wani ya sani."

Butocin suka fito farare tas. Ta farko da ta faɗi ƙasa ta dare biyu. Alhaji ya dube ta, ya ce ai da ta ba shi na gasken da ba a kai nan ba.

A gida ma, mahaifiyarta Hajiya Ummi ta tare ta a ƙofar ɗaki. "Zulai, ɗan'uwana ne fa. In kina da abin nan, ki ba shi mana."

Zulaiha ta shige ɗaki ta fara ɗaure kayanta. Ranar kasuwa ta shiga motar Kano neman wani aikin.