Waken da ke Cikin Kwali

"Tsakar gida ne nan ko gona?" in ji Saleh, ya shuri gwangwani ɗaya. "Mutum ya dawo daga tashar Jabi a gajiye, ya rasa inda zai taka!"

"Oga Saleh, a hankali! Wannan na ɗalibina Divine ne," in ji Malam Edward, maƙwabcinsa, malamin firamare. Ya durƙusa yana tattara ƙasar, yana tari.

Wake ne 'yan ajinsa suka shuka a gwangwanayen madara. Da aka yi hutu ya kwaso su gida. Wasu na shan rana, wasu ya rufe su cikin kwali mai ɗan rami a gefe.

"Ka faɗa musu abin da zai faru mana, su haddace," in ji Saleh. "Mu da bulala muka koya."

"Me ka tuna a ciki?"

Malam Edward ya mayar da gwangwanin mazauninsa, ya ci gaba:

"Ni ba zan faɗa ba. Yara zai buɗe da hannunsa, ya gani."

Tarin bai sake shi ba. Ranar da za a kai shi asibiti ya kama hannun Saleh. "Ruwa kaɗan-kaɗan. Na kwali, ka zuba ta rami, kar ka leƙa."

Bai dawo ba. Danginsa suka wuce da gawarsa garin Uke, suka sa wa ɗakin kwaɗo. Gwangwanayen kuwa babu wanda ya kalla. Saleh, wanda ba mai jiransa a ɗaki, ya ci gaba da ba su ruwa.

Da aka koma makaranta ya jera su a bayan motarsa, ya tuƙa a hankali. Tun daga bakin ƙofa yake jin ajin suna maimaita karatu da murya ɗaya.

"Allah sarki," in ji shugabar makarantar, Madam Rosemary. "Amma sabon malami ya riga ya rubuta musu wannan a allo. Sun wuce wurin."

"Ko Divine kaɗai a kira min."

"Suna lesin, oga."

Ya dawo da su gida, unguwar Kado, ya sauke a gindin famfo. Ya daɗe a tsugune, sannan ya buɗe kwalin. Waken ciki ya yi fari, siriri, ya miƙe ya lanƙwasa ta wajen ramin, ya ninka na waje tsawo.

Saleh ya juya wajen rufaffiyar ƙofar ɗakin Malam Edward.

"Malam, ya aka yi na duhun ya fi tsawo?"