Numfashin Randa

A allon tallan da aka kafa a ƙofar silima, an yi wa Tsinke kwaskwarima har ya kusa kasa gane kansa. An goge masa yamutsin goshi, an cike masa giɓi, an mayar da shi shekarun da gwiwarsa ba ta san ciwo ba. Kusa da shi ɗan Randa ne tsaye cikin kakin gadi na mahaifinsa, wanda tela ya rage ya sake ragewa. A ƙasan hoton wani ya sa biro ya rubuta da manyan baƙaƙe: INA NUMFASHIN?

Tsinke ya daɗe a tsaye yana kallon rubutun. Tun ranar da aka saki tallan sabon fim ɗin, tambayar ke nan a wayar kowa.

Da wuya a samu wanda bai ga tsohon fim ɗin ba. Masu gadi biyu ne a rumbun katifu, ɗaya siriri ɗaya ƙato, ba su da aiki sai barci a kan kayan da aka ba su tsaro. Tsinke ke tambaya, Randa ke amsawa. Sai dai kafin Randa ya amsa yakan ja wani dogon numfashi mai ƙara kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa, ido a zare, kafaɗu na ɗagawa. Tun bai furta kalma ba silima ta kece da dariya. Yara suka ɗauka, direbobi suka ɗauka, har yau in ka tambayi mutum abin da ba ya son amsawa sai ya ja maka numfashin Randa ku yi dariya, magana ta wuce.

Abin da 'yan kallo ba su sani ba, ko suka sani suka ga bai dame su ba, shi ne asma ce ke damun Randa. Ƙurar audugar katifun ke tayar masa da ita. Ranar farko da ta kama shi a gaban kyamara ma'aikata suka fashe da dariya, aka ce kada a yanke. Randa kansa da ya dawo hayyacinsa ya fi kowa dariya, yana cewa ashe ciwon ma yana da rana. Daga nan matarsa ta riƙa zama a bayan kyamara da jaka a cinya, abin shaƙarsa a ciki, tana jiran a ce an yanke ta miƙa masa. Ciwon ne ya yi ajalinsa bayan shekaru.

Da aka zo sabunta fim ɗin, Tsinke ne ya yi ta sintiri gidan abokinsa har ɗan ya yarda ya ajiye aikin koyarwa ya sa kakin ubansa. Uwar ba ta so ba. Ta ce ita ta gama da silima, ko ƙofarta ba za ta ƙara takawa ba. Tsinke ya dafa ƙirji ya ce a bar masa yaron, shi zai riƙe shi. Wannan dafa ƙirjin ne yanzu ke hana shi sukuni.

A ɗakin haɗa sauti ya tarar da darakta, matashi mai gilashi wanda ya haddace tsohon fim ɗin kamar karatun jarrabawa, yana ta murza waya.

"Baba, bari in karanta maka kaɗan."

"Na ji isasshe."

Darakta bai fasa ba. "Wannan ya ce a binciki asibitin da aka haifi yaron, an yi musanya. Wannan ta ce ko kyauta ne ba za ta shiga ba. Wannan kuma cewa ya yi mun tono dariyarsu mun binne ta da rai."

"Tikiti fa?"

"Waɗanda aka saya ba su kai a faɗa ba. Manajan silima ya ce ƙaramin ɗaki zai ba mu. In ƙarshen makon farko ya wuce kujeru babu kowa, zai sauke mu ya sa na masu duka da harbi. In aka sauke mu kuwa, Baba, kai ka riga ka yi sunanka. Yaron nan ne ba mai ƙara kiransa ko tallan sabulu."

Mai haɗa sauti, wanda ba ya magana sai ta kama, ya zare abin saurare daga kunne. Ya ce akwai hanya. Za a iya ɗauko numfashin marigayi a ɗora a bakin ɗansa, ba wanda zai gane. Matsalar ɗaya ce, a tsohon fim ɗin kiɗa ya hau kan numfashin, ba ya ciruwa.

"An ce kaset-kaset ɗin ɗaukar farko suna wurinka, Baba," in ji shi.

"Kun tambayi yaron?"

"Tun muna ɗauka muke roƙonsa ya yi da bakinsa, ya ƙi," in ji darakta. "Kai ne ubansa yanzu. Kai zai ji."

Tsinke ya same shi a gida da yamma, ya kwance fanka yana goge mata ƙura, jaririyarsa na barci a kan kujera. Wayarsa na kan talabijin a kashe, ya ce ya huta da ita tun da aka fara ruwan zagi. Matarsa ta kawo ruwa ta gaishe da baƙo, fuskarta ba yabo ba fallasa, ta koma ciki. Tsinke ya yi ta zagaye-zagaye, ya tambayi lafiyar jaririya, ya tambayi fanka, kafin ya zo kan magana.

"Ɗana, wuri biyu uku kawai. Ka ja musu shi su samu abin da suke so."

Ɗan Randa ya sunkuyar da kai ya yi shiru kaɗan, yadda ya saba in babba ya yi masa magana.

"Baba, ku a wurin aiki kuka san shi. Ana cewa an yanke kowa ya kama hanyar gida. Ni ɗakina a jikin nasa yake." Ya ajiye tsumman. "Ranar da zai rasu, a tasi muka ɗauke shi, kansa a cinyata. Direban ya waiwayo ya gane shi. Da ya ji numfashin sai ya kama dariya yana dukan sitiyari, ya zaci wasa Baba ke yi masa. Har muka isa asibiti yana cewa a ƙara masa ɗaya. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Umma."

Tsinke ya ɗauki kofi. Ya sha ruwan da ba ya jin ƙishinsa.

"Duk abin da ka ce in yi zan yi, Baba. Ban da wannan."

Maganar kaset ta zo bakin Tsinke ta koma. Da zai fita, matar ta rako shi bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba. Murya ƙasa-ƙasa ta ce makarantar ta ɗauki wani malami a gurbin mijinta, kuma yanzu ko shago ya je sayen madara sai samari su bi shi da numfashi. Ba ta ce laifin wa ba ne. Ta dai ce a gaida gida.

Tsoro ne ya kai shi ga akwatin kaset-kaset ɗin, ba wani abu ba. Yana tsoron ranar da za a sauke allon nan, yaron ya koma gida da kakin ubansa a leda, ba aji ba silima, uwar kuma ta dube shi ba ta ce komai ba. Ya gaya wa kansa cewa in fim ya karɓu, fushi zai wuce, aiki zai zauna. Ya kuma gaya wa kansa zai sanar da yaron kafin ranar haskawa. Mutum in yana son yin abu, ba ya rasa abin gaya wa kansa.

Kaset-kaset ɗin ba su lalace ba. Mai haɗa sauti ya sa na farko, sai ga Randa ya cika ɗakin, ba kiɗa ba dariyar kowa. Numfashin ya ja, ya ja, ya wuce inda 'yan kallo suka san ya tsaya. Can sai muryar mace daga nesa: "Ku tsaya haka nan, ku bari ya sha magani." Mai haɗa sauti ya dubi Tsinke, ya mayar da ido kan na'ura, ya yanke daidai kafin muryar.

Aikin ya zo da sauƙin da ya ba Tsinke haushi. Lokacin ɗauka darakta ya sha faɗa da ɗan Randa kan sunkuyar da kan nan da yake yi kafin ya amsa wa Tsinke, yana cewa nan ba gaisuwar surukai aka zo ba. Yaron ya kasa bari. Yanzu wannan ɗan shirun na ladabi shi ya zama gurbi, numfashin ya zauna a ciki kamar an auna. Tsinke ne ya riƙa nuna wurin da kowanne zai shiga, wanne ne gajere, wanne ne mai tsawo, don duk duniya ba wanda ya kai shi sanin lokacinsu.

Ana gobe za a fara haskawa, darakta ya saki magana ɗaya a waya, cewa numfashin ya dawo. Kafin azahar manaja ya kira da kansa ya ce an mayar da su babban ɗaki.

Ranar da yamma layi ya fito daga ƙofar silima ya karya kwana har gaban shagon masu gyaran waya. Tsofaffi sun zo da jikoki, samarin da suka yi rantsuwar ba za su shiga ba su ne a gaba. Tsinke na tsaye a gefe yana haɗa kalmomin da zai faɗa, sai ga ɗan Randa ya ratso jama'a fuska a sake, rabon da a ga haƙoransa tun kafin talla.

"Baba, ka ga layi? Ashe sun haƙura sun karɓe ni a haka."

"Ɗana, akwai maganar da..."

"Ka ga wa na kawo maka."

Uwar ce a bayansa, ta tsufa ta rage tsawo, da jakarta a hannu. Tsinke ya matso kusa da ita.

"Uwargida, ke da kika ce kin gama da silima?"

"Ya ce min babu abin nan a ciki," ta ce. "Na ce to in haka ne bari in zo in ga ɗana."

Aka buɗe ƙofa, jama'a suka turo su ciki. Aka zaunar da su a jere, ɗan a tsakiya. Kujeru suka cika har wasu suka tsaya a jikin bango. Tsinke ya juya zai yi magana, fitila ta mutu, tafi ya tashi.

Ya san daidai inda numfashin farko yake. Ya zauna yana jiransa. A allo ga rumbun katifu, ga shi nan da kulki yana tsaye a kan abokin gadinsa.

"Ɓarawo ya shigo, me ka yi?"

Ɗan Randa na allo ya sunkuyar da kai. Numfashin ya fito daga lasifikokin gaba da na baya da na gefe, ya zagaye ɗakin. Ba wanda ya ji amsar, wai ya ba ɓarawon matashin kai don ya ga a gajiye yake. Dariya ta cinye ta. Mutane na dukan kujeru, wata tsohuwa a gaba na share hawaye, samari na ja tare da shi.

Tsinke ya ji kafaɗar da ke jikin tasa ta sandare. Ya kasa duban yaron, sai ya leƙa ta gabansa ya dubi uwar. Idonta na kan allo, bakinta a ɗan buɗe, hannunta kuwa ya riga ya shige jaka yana lalube. Ta ture makullai, ta ture hankici, ta ture kwalbar turare, tana ƙara sauri. Ita kanta ba ta san tana yi ba.

"Wani ya ce su tsaya mana," ta faɗa a hankali.

Ɗan ya sa hannu ya zaro hannunta daga jakar ya riƙe. Sannan ya juyo. A hasken allon Tsinke ya ga fuskarsa, babu fushi a cikinta, da ma akwai da ya fi masa sauƙi.

"Saura nawa, Baba?"

"Har ƙarshe ne."

Ya sunkuyar da kai ya yi shirun nan nasa, amma wannan karon ba amsar da ta biyo baya. Ya tashi ya ɗaga uwarsa, suka bi layin kujeru a duƙe don kada su tare wa mutane kallo. Wani daga baya ya yi tsaki ya ce a zauna mana.

Kafin ƙofar ta gama rufewa, mutum biyu daga masu tsaye a bango sun zauna a kujerun. Na kusa ya leƙa fuskar Tsinke ya gane shi, ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa, har yanzu dariya ba ta sake shi ba.

"Baba, ku yafe mana zagin da muka yi," in ji shi. "Wallahi yaron nan ya gaji ubansa."