Toka a Buhun Illiya

"Zo ki gani da idonki," in ji Souwaiba. Ta ɗaga dutse daga kan buhun matsi, abin da ke ciki bai cika faranti ba. "Awarar wake tiya biyu ce wannan. Tiya biyu!"

Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ta raba mu, kuma duk Agadez ba wanda ya kai ta iya awara. Masu tafiya haƙar zinariya Djado ma sai sun tsaya ƙofarta kafin su hau mota. Waken soyan kuwa ƙaninta Illiya ke nomawa can Gaya yana aiko mata. Amma shekara biyu ke nan waken ya canza. Ƙwayar ta motse, in ta zuba ruwan tsami madarar ba ta haɗuwa kamar da. Mutane suka fara cewa Souwaiba ta koyi algus. Wannan magana ta fi ciwon ƙirjin da take fama da shi cin ta.

Ni kuwa bakina ba ya da linzami. Na ce mata, "Mai kyan yake kaiwa kasuwa, ke ya aiko miki tsintuwa."

"Ni na goya yaron nan," ta ce. Daga ranar ba ta sake ɗaukar kiransa ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, sai ga ɗan ƙaramin buhu daga tasha. Ni na kwance shi a tsakar gida. Wake ne manya, amma duk ya yi furu-furu da wani abu kamar ƙura. Raina ya ɓaci.

"Me ya aiko?" ta tambaya daga ɗaki.

"Har ƙasa ya gauraya miki."

Ta juya fuska ga bango. "Ki ba awaki," ta ce. Na kuwa ba su. Ranar Laraba da hantsi ta cika.

Illiya ya iso ran sadakar uku, dogo, siriri, idanu jawur. Bayan gaisuwa ya same ni a zaure.

"Baba, Yaya ta ga saƙona?"

Na ce ta ji labarin buhun, da ƙasar da ke ciki.

"Toka ce," ya ce. "A toka muke ajiye iri don ƙwari. Yaya ta san haka, ita ta koya mini."

Ya ce gonar ce ta yaudare shi. Shuka ta yi tsawo, ganye shar kamar za a cika rumbu, sai zafi ya ƙone fure, ƙwaya ta ƙi cika. Malamin gona ya ce musu hayaƙin da ya yi yawa a iska na ciyar da ganye, amma yana rage ƙarfin ƙwaya. Da Illiya ya ji Souwaiba na fushi, sai ya kwashe irin da ya zaɓa da hannu don baɗi, ya aiko mata duka.

Ni haifaffiyar birni ce, ban taɓa riƙe fartanya ba. Kalma ɗaya na musanya, ta tafi da ita kabari. Har yau ban yafe wa kaina ba.

"Ina buhun?" ya ce.

Na nuna masa garken. Ya shiga ya durƙusa tsakanin awakin, yana tone rairayi da yatsa. Ya samu ƙwaya bakwai, ya hure su, ya ƙulle a gefen rawaninsa.