Kusoshin Iya

"Iya, ina za ki? Koma ki kwanta!"

Mai ɗinki, maƙwabciyar Iya, ta yar da tsintsiya ta ruga. Tsohuwar ta riga ta zuro ƙafa ɗaya daga gado, tana laluben ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da aka ba ta a asibiti.

"Bakin ƙofa kawai, 'yar nan. Likita ya ce in riƙa takawa."

"Likitan ne ya ɗaga ki daga ƙasa? Ni ce fa."

Ita ce kuwa. Kuma ita ta goge barandar da ke tsakanin ɗakinta da na Iya ran nan, ta koma kan keken ɗinkinta ba ta jira ta bushe ba, Iya ta taka ta zame. Faɗuwar ma ba wata ta a zo a gani ba ce, zama kawai tsohuwar ta yi daɓas. Amma ƙashin ƙugu ya tsage wuri biyu, kuma ihun da Iya ta yi har yau bai fita daga kunnen maƙwabciyarta ba.

Ɗan Iya direban babbar mota ne, yana can wata uwa duniya, don haka mai ɗinki likita ya nuna wa hoton ƙashi bayan tiyata. Kusoshi biyu dogaye, farare fat, sun ratsa ƙashin da ya zama kamar soso.

"Don ta tashi muka sa su," in ji shi. "Kwanciya ce ke kashe tsoho. Kullum ta taka."

Ta gyaɗa kai, amma ba ta yarda ba. Shekara ashirin tana ɗinki, ba wanda zai gaya mata abin da sabon zare ke yi wa tsohon yadi. Zaren ba ya tsinkewa, yadin ne ke yagewa da an ja. Yaron likitan nan, allura ma ta ɗinki ya taɓa riƙewa?

Sai ta tura ƙarfen bayan ƙofa ta rataya masa zannuwa. Ta dawo da kekenta ɗakin Iya don kada ido ya bar ta. Abinci a baki, fo a ƙarƙashin gado, wanka da tsumma. Ko juyi tsohuwar ta yi, gado ya ce ƙiris, sai ta zabura. Ranar zuwa gashin ƙashi ta ce a bari tukuna. Ɗan ya bugo waya yana tambaya ko Iya na takawa, ta ce masa sauƙi sai godiya.

"Kin mai da ni jaririya," Iya ta ce tana dariya. "Saura goyo."

Dariyar ce ta ƙare da tari. Kwana uku tari ya zama zazzaɓi, numfashi ya koma sama-sama, ƙirji na gurnani. Da safiyar kwana na huɗu Iya ba ta gane kofin da ke hannunta ba.

A asibiti likita ya ɗora abin awo a bayanta, ya daɗe yana saurare.

"Ciwon huhu ne, ya kama duka biyun. Taku nawa take yi a rana?"

Mai ɗinki ta dafa ƙarfen gado.

"Ni na ƙi, likita," Iya ta ce da ƙyar, ido a rufe. "Ragwanta ce. Ta yi ta fama da ni."

An sake ɗaukar hoto. Kusoshin na nan daram, ko gezau ba su yi ba. Mai ɗinki ta so a ce sun goce, ko da ɗan kaɗan ne, ta kuma ji kunyar wannan fata. Iya ta cika washegari da rana tsaka, hannunta cikin nata.

Bayan an watse daga zaman makoki, ɗan ya riƙa yi wa mai ɗinki godiya, wai ko 'yar cikin Iya iyakar abin da za ta yi ke nan. Ta shiga ɗakin don ta kwashe kekenta, sai ta sauke zannuwan da ke bayan ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfen na tsaye inda ta bar shi, robobin ƙafafunsa huɗu baƙi wuluk, ko ƙura ba su taka ba.