Kujerar Gaba

Ƙarar ta fito daga gaban dama, ƙirrr, kamar ana tsaga gwangwani. Mika'ilu ya taka birki a kan tudun rage gudu na unguwar Beaudottes.

Kawu Ɗan Juma, ƙanin mahaifinsa, ya dafe ƙugu. Mutum ne da Allah ya hore wa jiki, ya cika kujerar gaba fam.

"Mi ka yi wa motar yayana?"

"Sauke ta ƙasa kawai na yi, Kawu. Haka ake yayi."

"Yayi! Ka mai da 504 baro. Ni ba ni zuwa Lyon a cikin wannan."

Maganar ta fi ƙarar ciwo. Ranar Asabar ake jiransu a Lyon don nema wa Mika'ilu auren Rékia, kuma babu mai buɗe baki a gaban iyayenta sai Kawu. Jirgin ƙasa kuwa Kawu ya rantse ba ya shiga. Motar marigayi ko a fasa.

Mika'ilu ya garzaya Saint-Denis, garejin yayarsa Hassia, wadda ke haɗa ƙafafun motocin tsere. Ta ɗaga motar, ta haska, ta yi tsaki.

"Mais t'es fou! Ka haukace ne? Resor, murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, shi ka yanke da zarto? Dubi amotisa mai shanye gargada, ya ƙure. A kan roba kake tafiya, ango."

"Ai na gwada ta, ba ta taɓa gogar taya ba."

"Kai kaɗai, siriri kamar tsinke. Ka manta wanda zai zauna gaba?"

"To mu mai da shi baya."

Ta dube shi. Shi ma ya ji wautar maganar. Babba a baya, yara a gaba? Sai dai a fasa auren da gaske.

Ta sa gajerun resor na ainihi, da amotisa daidai tsawonsu, ta rage robar da ke tare ƙafar, ta lanƙwasa bakin ƙarfen da ke cin taya. Sai ta ajiye sifana.

"Ba zan ɗaure ƙusoshin ba sai nauyin da za ta ɗauka yana ciki. In na ɗaure tana rataye, robobin za su murɗe."

"Wa zai tambayi Kawu nauyinsa?"

"Babu mai tambaya. Je ka sayo na'ana'a."

Juma'a bayan masallaci, Mika'ilu ya kawo Kawu garejin, Hassia ta durƙusa ta gaida shi, ta ce kujerun garejin duk maiko ne, ya yi haƙuri ya zauna cikin mota a kawo shayi. Motar na tsaye bisa ramin gyara. Mika'ilu ya zauna mazaunin direba yana zuba shayi, yana jan Kawu da hirar hanyar Zinder zuwa Agadez. A ƙarƙashinsu Hassia na aunawa, tana ƙara wa gefen dama tsawo kaɗan, tana ɗaurewa. Kafin kofi na ƙarshe ta fito tana goge hannu.

"Kawu, zagaye ɗaya kawai."

Kawu ya cika ƙaramin kofin shayi har baki, ya ɗora a gaban gilashi.

"Haka babanku yake gwada mota. Ja mu je."

Tudun farko ya taso. Hancin motar ya hau, ya sauka a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Shayin ya yi rawa, ya leƙa bakin kofi, ya koma. Ko ɗigo.

"Allahu akbar," in ji Mika'ilu, can ƙasa.

Asabar suka miƙe kudu. Motar na kwance dab da kwalta, amma tana tafiya kamar kan ruwa. Har duwatsun da aka shimfiɗe titunan unguwar Croix-Rousse ta Lyon da su ta haɗiye ba ƙara. Tun daga garin Beaune tafin hannun Kawu na kan allon gaba. Da suka tsaya ƙofar gidan su Rékia, idonsa ya yi ja.

"Tun da yayana ya rasu ban ƙara jin wannan tafiyar ba."

Ya gyara babbar riga, ya juyo wurin Hassia a kujerar baya.

"Ke kuma, ƴar nema, kin auna ni kamar buhun gero kina tsammanin ban sani ba."

Ya buɗe ƙofa. "Taso, ango. Mu je in karɓo maka mata."