Baƙar Motar Seng Huat

Shekarar da Turawa suka tattara nasu-ya-nasu suka bar Malaya, Seng Huat mai shagon shayi ya taki sa'a. Manajan gonar roba da zai koma ƙasarsu ya sallama masa baƙar motarsa da arha. Ba a jima ba kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, don kowane sabon ma'aikacin gwamnati so yake a gan shi a cikin tasa. Attajiri Loke ya taya ta da abin da zai ishi Seng Huat ya kai 'yarsa makarantar horon malamai. Ranar Lahadi za a ɗauko amaryar ɗan Loke a cikinta. Su kuwa Sinawa irin su Loke da Seng Huat, motar da ta taɓa ɗaukar gawa ko kyauta ba sa so, balle a sa amarya.

Ranar Laraba da hantsi sai ga maƙwabcinsa Pak Daud, tsohon mai tatsar roba. Ya zauna, aka kawo masa shayi, ya bar shi yana hucewa.

"Ah Huat, babbar motar gona ta wuce?"

"Sai gobe, Pak. Lafiya dai?"

"Mai ɗakina ce, Tijah. Ta cika da asuba a asibitin birni. So nake a rufe ta yau, kusa da uwarta."

Bai roƙa ba. Shi dama Pak Daud ko gishiri ba ya iya roƙa, abin har haushi yake ba mutum. Matar Seng Huat ta leƙo daga madafa ta ce da yarensu, "Ka dai tuna da Lahadi."

"Na tuna. Ta cikin gonar roba za mu dawo, babu mai ganinmu."

A dawowa Pak Daud na kujerar baya, matarsa naɗe cikin zanenta mai furanni, kanta a cinyarsa. Seng Huat yana ta sauri don kada a gan su, kunya kuma ta ishe shi. Gaba kaɗan hanya ta rabu biyu: ta hagu ta shiga duhun itatuwan roba, ta dama ta ratsa kasuwa, daidai ƙofar kantin Loke.

"Ɗan sassauta mana," in ji tsohon. "Ba ta taɓa shiga mota ba."

"Haba Pak. To yaya aka kai ta asibiti?"

"A keken shanu." Ya gyara mata zane. "Kullum kana wanke motar nan tana leƙe ta taga. Na ce bari in yi maka magana, ta ce in na kuskura ba ni ba ita. Wai ita dai sau ɗaya ta wuce ta kasuwa, masu kifi su gan ta a ciki."

Ya yi 'yar dariya, ya koma kallon waje. Wallahi ba da wata manufa ya faɗa ba, hira ce kawai yake yi da wanda ya san ta.

Seng Huat ya tsaya a mararrabar, injin na aiki, ya tuna 'yarsa da akwatin da ta riga ta shirya. Sannan ya karya kan mota dama.

Loke na zaune a ƙofar kantinsa yana fifita. Seng Huat ya ƙara rage gudu.

"Pak, sauke gilashin," ya ce. "Ga masu kifin nan."